Goron da Na Ƙi Karɓa

Ni mace ce mai yawan damuwa. Tun ina yarinya a Djougou, in na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta, in na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. A ajin ƙarshe na firamare na bar lakwal, wato makaranta, kuma ko a can malaminmu yakan ce takardata ta fi ta kowa huji saboda yawan gogewa. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da na yi wa Yaya ban yi shi da garaje ba. Na daɗe ina juya shi a raina, kuma har yau ban ji nadama ba.

Yaya ba cikinmu ɗaya ba. Kakanninmu ne wa da ƙane, fataken goro da suka sauke kaya a Djougou ba su sake ɗauka ba. Ta girme ni, ta fi ni komai. Tana da rumfunan atamfa a Parakou, tana zuwa Kwatano saro kaya kamar yadda nake zuwa bakin famfo. Da mijina ya rasu ya bar ni a ɗakin haya a unguwar Albarika, nan Parakou, ita ce ta samo mini aiki. Ta kira ni gidanta, ta sa aka zuba mini abinci a kwanon baƙi, ta ce akwai wani gida a unguwar Titirou inda ake kula da tsofaffi, suna neman mace mai haƙuri. Sai da na gama godiya sannan ta gaya mini sauran maganar. Uwarta za ta kai can.

Inna, wato uwar Yaya, ɓarin jikinta ya shanye, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. A wurinmu ba a kai uwa irin wannan gida, ko an kai ba a faɗa. Don haka abin da Djougou ta sani shi ne Inna tana gidan ɗiyarta, a ɗaki mai fanka, kuma dokotoro ya hana a dame ta da baƙi. In 'yan'uwa za su zo gaisuwar salla, Yaya takan aiko mota a ɗauki Inna, a shafa mata turare, a zaunar da ita a falo, su tafi a mai do mana ita da yamma. Ba ta sa ni rantsuwa ba. Cewa kawai ta yi, ni ai ba sai an gaya mini ba.

Gidan ba babba ba ne. Ɗakuna ne a jere, da bishiyar mangwaro a tsakiya, da igiyoyin shanya da ba su taɓa zama babu kaya ba. Mai gidan muna ce mata Madam, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce 'yar Bargu. Wadda muka fi shaƙuwa da ita a cikin masu aiki 'yar Kolokondé ce, doguwa mai ƙarfi, wadda takan ɗaga tsoho daga gado kamar ta ɗauki ɗan akuya. Da Dendi muke hira. Ita ce ke yi mini dariya in ta ga na koma duba tukunyar da na riga na duba.

Inna ba ta da haƙori ko ɗaya, amma goro bai bar ta ba. Kullum bayan koko nakan goga mata shi a magogin da na yi da murfin gwangwani, in zuba mata a tafin hannunta mai lafiya. A irin wannan lokaci hankalinta ya fi dawowa. Takan dube ni ta ce, in ranarta ta zo, ni ce zan wanke ta, kada in bar ta a hannun waɗanda ba su san niyya ba. Nakan ce to, Inna, Allah ya ja kwana.

Da korona ta zo, Madam ta tara mu ƙarƙashin mangwaro ta ce za ta rufe ƙofa. Wanda ya zauna ya zauna ke nan, ba fita, wanda ya fita kuma kada ya dawo. Masu ƙananan yara suka tafi, ban ga laifinsu ba. Mai girki ma ta tafi. Muka rage mu kaɗan a kan aikin da a dā ma ya fi ƙarfinmu. Mu ne ɗagawa, mu ne wankin zannuwan fitsari, mu ne girki, mu ne ɗiban ruwa in famfo ya ɗauke. A ɗakin ajiyar hatsi muke shimfiɗa tabarma, kuma ba na tuna ranar da na kai ƙarshen salla ba tare da wani yana kira ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne takunkumin fuska, wanda muke kira kashne. Tsofaffin nan da fuska suke gane mu. Masu nauyin kunne da leɓe suke jin magana. Da muka rufe baki muka zama baƙi a wurinsu. Akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya maka wa 'yar Kolokondé sanda a kafaɗa, wai ɓarauniya ce ta zo ɗaukar agogonsa. Ta fito tana murza wurin tana dariya, ta ce aƙalla hannunsa ya samu motsa jiki. Wata tsohuwa ta ƙi cin abinci sai in na tsaya daga nesa na sauke kashne ta gan ni, in mayar, sannan in matso da cokali.

Ni kuwa waswasina ya samu ranarsa. In na taɓa ƙofa sai in wanke hannu da ruwan jabel, bilic ɗin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, in na taɓa bokitin jabel ɗin sai in sake wankewa. Fatar yatsuna ta tsattsage har jini yana ɗiga a zanin gado, sai in shiga wata damuwar, ko zanin ya zama najasa. Duk tarin da na yi, ko na hayaƙin murhu ne, sai in ce shi ke nan, ni ce zan kashe su. A cikin wannan rufewa ɗiyata ta haihu a Albarika. Daga Titirou zuwa can tafiyar babur ce ta ɗan lokaci, amma ta waya na ji guɗar suna. Ban riƙe jikana ba sai da ya fara dariya. Na haƙura da wannan duka don kada in shigo wa tsofaffin nan da abin da zai tafi da su.

Wata rana da hantsi, Madam ta fita karɓo magani, sai na ji ƙarar mota a bakin ƙofa. Yaya ce. Daga Kwatano take, a lokacin da ake cewa an tare hanya, amma masu mota sun san ta inda suke bi. Maigadi ya buɗe mata, don ita ce ke aiko wa gidan buhunan shinkafa, kuma ba ya iya kallon idonta ya ce a'a. Ina tsakar gida da bahon wanki a hannu. Tun kafin ta iso na ji tarin, busasshe, irin wanda ake ƙoƙarin haɗiyewa.

Na ce, "Yaya, don Allah ki tsaya ta taga. Madam ta hana shiga."

Ta ce, "Madam ce ta haife ni?"

"To ki mayar da kashne ɗin dai."

"In na rufe fuska ta ina za ta gane ni? Ke wa ma ya kawo ki gidan nan?"

Ta wuce ni ta shiga. Na ajiye baho na bi ta zuwa bakin ƙofa. Ta zauna a gefen gado, ta kwance bakin gyalenta ta ciro farin goro, ta ɓare, ta tauna har ya yi laushi, ta zaro shi da yatsa ta sa wa Inna a baki. Haka Inna ta yi wa tata uwar da ta tsufa, kowa a danginmu ya san wannan. Na ga hawaye a idon Yaya, ba zan ɓoye ba. Na kuma ga magogina a kan taga, wanda na wanke da jabel da safen nan har yatsana ya sake fashewa.

Da Madam ta dawo na gaya mata. Ta yi wa maigadi faɗa da Faransanci har muryarta ta dushe, ta ɗauki waya za ta kira Yaya, ta daɗe tana kallon wayar, ta ajiye.

Ba a daɗe ba Inna ta fara zazzaɓi. Daga ita sai tsohon nan na jirgin ƙasa, sai 'yar Kolokondé. Ni ko ciwon kai ban yi ba. Ban taɓa cewa Yaya ce ta kawo ciwon ba, kuma yanzu ma ban ce ba. Mai kawo itace yana zuwa bakin ƙofa, Madam tana fita, iska ma tana shiga. Allah ne ya sani. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Abokiyar aikina tana kwance a ɗakin hatsi tana jan numfashi kamar mai zuga wuta, ni ina gudu tsakaninta da ɗakunan tsofaffi. Inna ta cika da la'asar, kanta a kan cinyata. Ni na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa. Madam ta ce mutanen lafiya suna tafe, kuma ba za su bari a yi wanka ba. Na durƙusa na roƙe ta, na ce alkawari ne. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne in yi mata taimama, da safar roba a hannuna. Na yi, ina kuka a cikin kashne. Har yau ina tambayar malamai ko taimama da safar roba ta yi, wani ya ce ta yi, wani ya ce Allah mai rangwame ne, wanda a kunnena ba amsa ɗaya ba ce. Masu fararen kaya suka zo suka fesa mata magani suka naɗe ta. Yaya tana waje cikin mota, gilashi a rufe. Tarinta ya riga ya warke.

Da aka buɗe mana ƙofa, bayan na ga jikana, abu na farko da na yi shi ne hawa mota zuwa Djougou ta'aziyya. Na shiga gidan kakanninmu da sallama. Mata suna zaune a inuwa, har da Yaya da carbi a hannu. Aka amsa ƙasa-ƙasa. Na nufi tabarma, sai na ga wadda ke bakin tabarmar ta ja jiki, ta kusa da ita ma ta ja. Aka kawo mini ruwa a wani tsohon gwangwani, ba a moɗar gidan ba, da na sha kuma aka ɗauke shi da tsinke aka jefa bayan ɗaki. Gwaggo, ƙanwar babana kuma babbar matan gidan, ta dube ni ta ce, "Kin zo? Wa kuma ya rage?"

Ban gane ba sai da wata matar ƙanena ta ja ni bayan madafa ta gaya mini. Yaya ta ce Inna a gidanta ta rasu, a ɗakin nan mai fanka. Ta ce ni ce nake fitowa daga gidan tsofaffin da nake aiki, inda ake tara waɗanda ba su da kowa, in zo in matsa wa Inna ƙafa, duk da ta hana ni. Ta ce ni na kwaso ciwon na kai mata har gado. Da magana ɗaya ta rufe nata asiri ta ɗora mini gawar uwarta.

Na koma na tsaya a gabansu. Na dubi Yaya, ba ta ɗago daga carbinta ba. Wa zai yarda da mai wankin fitsari a kan mai rumfuna? Na yi addu'a ga mamaciya ni kaɗai, na fita.

A dā, duk bikin da za a yi a danginmu ni ake kira in tsaya kan tukunyar wasa-wasa, dambunmu na doya, don an san ba na barin garin doya ya dunƙule. Daga ranar ba a sake kirana ba. Korona ta wuce, mutane suka mai da kashne abin share takalmi, ana ba da labarin lokacin ana dariya, amma sunana bai wanku ba. A wani suna da na kai kaina, na goya jaririyar wata, uwar ta zo da murmushi ta kwance ta daga bayana, wai za ta ba ta nono.

'Yar Kolokondé ta tashi, amma numfashinta bai dawo ba. Ta bar aiki ta koma ƙauye, macen da ke ɗaga mutum da hannu ɗaya ta zama ba ta iya kai tulu daga rijiya. Na je na gan ta sau ɗaya. Na ba ta labarin abin da aka yi mini, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce da za a iya ɗura mata fushina a ƙirji da ta yi huɗar doya gona guda.

Fushin kuwa ina da shi. Ina matse zanin gado in ga wuyan Yaya nake murɗewa. Na yi tunanin wuta ta kama rumfunanta, sai in yi istigfari, don akwai na maƙwabta a jikinsu da ba su yi mini komai ba. Na yi tunanin in je kasuwa in tsaya in tona, sai in ga za a ce na haukace, a ƙara mini wani sunan. Na bincika raina ko na taɓa yi mata rantsuwar rufa asiri, na tabbata ban yi ba. Duk da haka na san in daga bakina maganar ta fito, iska za ta kwashe. Daga bakinta nake so ta fito, a gaban matan nan da suka ja tabarma. Yadda za a yi haka ne ban sani ba, sai na yi ta roƙon Allah ya kawo ta gabana a durƙushe.

Bayan an sake buɗe hanyar Makka, labari ya iso Albarika cewa Yaya za ta tafi aikin hajji. Ina tsinke zogale na ji, na ajiye tire na shiga ɗaki, don kada a ga fuskata.

A danginmu akwai yadda ake sallamar mai tafiya Makka. Mata sukan taru a gidan kakanni, mai tafiya ta ɗauki kwandon goro, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, daga babba har ƙarama. Ta ce a yafe mata, ta sa goro a tafin hannu. Wadda ta karɓa ta yafe ke nan. Ba a hana kowa zuwa, don wadda aka hana ita ce mai haƙƙin da ake tsoro. Kuma ba a tsallake hannu. Tun da nake ban taɓa ganin an ƙi karɓa ba, har abin ya zama kamar rabon goron biki.

Na je wurin wani malami a unguwarmu, na tambaye shi ko dole ne mutum ya yafe. Ya ce yafiya ta fi lada, amma haƙƙi na mai shi ne, ba a tilasta masa. Na sake tambaya ta wata fuskar, na ce in baki ya ce ya yafe alhali zuciya ba ta yafe ba fa. Ya ce wannan ƙarya ce mutum ya ƙara wa kansa. Na koma washegari na sake tambaya don in tabbata na ji daidai, har ya ce, baiwar Allah, amsar ba ta canja daga jiya zuwa yau. Rabin maganarsa na farko na bar masa, na biyun na tafi da shi gida.

Ranar na isa Djougou da wuri. Na zauna a ƙarshen tabarma, inda na saba zama yanzu, da ɗan fili tsakanina da ta kusa. Yaya ta fito cikin fararen kaya da kwandonta, goron a lulluɓe da ɗanyen ganye. Ta fara daga Gwaggo. Ana karɓa ana yi mata addu'a, ana wasa. Wata ta ce ta yafe mata atamfar da ta sayar mata ta zuba a wankin farko, amma a kawo mata dabino. Aka yi dariya. Ni kuwa ina ta maimaita kalmomina a zuci, ina tsoron kada in manta ko muryata ta ƙi fita.

Ta iso gabana. Ba ta dube ni ba, ta faɗi kalmar da sauri kamar mai sallamar mai ciniki, ta miƙo goro. Hannuna yana kan gwiwata a dunƙule. Goron ya taɓa bayan yatsuna, daidai inda jabel ya bar mini tabo.

Ta ce, "Ke, buɗe mana."

Ban buɗe ba. Ta ɗan yi dariya ta waiga, ta sake dangwara mini shi. Hirar da ake yi ta mutu daga wannan gefe zuwa wancan.

Gwaggo ta ce, "Mene ne haka?"

Na ce, "Gwaggo, ban yafe ba."

Nan mata suka taso mini. Wata ta ce ba a yi wa baƙuwar Allah haka. Wata ta ce ni da ya kamata in nemi yafiya ni ce kuma da baki. Matar ƙanen Yaya ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta karɓar mini a wuce wurin. Yaya ta yunƙura za ta tashi. Sai Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. Gwaggo ba ta sona a lokacin, amma abin da ta gada ta fi son sa a kan kowa. Ta ce ba a karɓar wa wani, ba a kuma tsallake hannu, mai tafiya ta koma ta durƙusa har mai hannu ta faɗi abin da ke ranta.

Yaya ta koma kan gwiwoyinta. Inuwa ta riga ta janye daga ƙarshen tabarmar, rana tana dukan ta a ka. Ta matso ta juya harshe zuwa Faransanci, ƙasa-ƙasa don kada tsofaffi su ji, ta ce in bari mu yi magana daga baya mu biyu, duk abin da nake so za ta yi. Na amsa mata da Hausa, da ƙarfi, na ce Faransancina a firamare ya tsaya.

Na ce, "Abu kaɗan nake so. Ta faɗa muku ɗakin da Inna ta cika, da wadda ta rufe mata ido. Ta faɗa ko na taka gidanta a lokacin ciwon nan. In ta faɗa zan buɗe."

Ta daɗe shiru. Ina kallon zufa tana bin gefen kunnenta tana shiga farin mayafi. Na san abin da take aunawa. Ko ta tashi ta tafi Ɗakin Allah da haƙƙina a wuyanta kowa yana gani, ko ta kwance abin da ta ƙulla da hannunta. Ban taimake ta da ko kalma ɗaya ba. Shekarun nan duka wannan shirun nake jira, kuma na ji daɗinsa.

Da ta buɗe baki muryar ba tata ba ce. Ta ce Inna ba ta zauna a gidanta ba. Ta ce tana Titirou, a gidan tsofaffi, tun farkon ciwonta. Ta ce ni ce nake yi mata komai, a cinyata ta cika, kuma ban je gidanta ba ko sau ɗaya, don a rufe muke. Wata tsohuwa ta yi salati. Wata ta tambaya, to falon nan da suke zuwa suna gaishe ta fa?

Gwaggo ta ce, "Ke kin je kin gan ta a can?"

Yaya ta ce, "Na je. Ina tari. Na tauna mata goro."

Duk suka juyo suna kallona, suna jiran in ƙarasa. Na ce Allah ne kaɗai ya san ta inda ciwon ya shigo, ni ban sani ba. Sannan na buɗe hannuna. Yaya ta sa goron. Na ce na yafe ƙaryar tun da ta janye ta a inda ta shuka ta. Amma akwai wata mace a Kolokondé da ba ta iya ɗaukar tulu, wadda ta kwanta bayan zuwan nan, kuma nata ba nawa ba ne da zan yafe. Na kwatanta wa Yaya hanyar, har da inda ake barin kwalta.

Gwaggo ta juya ga matan gidan. Ta sa aka ɗebo ruwa a moɗar gidan, ta miƙo mini. Na sha rabi, ta karɓa ta shanye sauran a gaban kowa.

Yaya ta je Kolokondé, an gaya mini. Ruwa ya ɓata hanya, motar ta kafe, ta ƙarasa a ƙasa da takalmi a hannu. Abokiyar aikina kuwa tun kafin ta gama magana ta ce ta yafe, har ta sa aka ba ta doya. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, na kuma gaya mata ta waya, ta yi ta dariya har na kashe.

Goron ban ci ba, ban kuma goga wa kowa ba. Yana nan a kan tagar ɗakina a Albarika, ya bushe ya yi baƙi. Wani lokaci in na gan shi damuwa takan taso, ko zuciyata ta bi bakina da na ce na yafe. Sai in tuna iyakar abin da na ce na yafe, ƙaryar ce kawai, in ga ban wuce gaskiya ba.

Da Yaya ta dawo daga Makka, Gwaggo ta aiko har Parakou cewa ni ce kan tukunyar wasa-wasa. Na je, na tsaya a kanta tun safe, bai dunƙule ba. Ana ce mata Hajiya yanzu, kuma na ji wata tana tambayarta da fara'a ko gidan nan na Titirou yana da fanka. Da lokacin rabo ya yi ban bari kowa ya kai mata ba. Na zuba mata da hannuna, hannun nan da aka ce yana ɗauke da ciwo, na ajiye a gabanta, na tsaya a kanta har ta ci.